Ƙwarya a Kafaɗa: Yadda Muka Raka Meri Neman Uwarta

Kaduna

Mun fita daga gidana na Kaduna ran Talatar da ta biyo bayan Ista, shekarar 1977, gari bai waye ba. Mu uku ne: ni Rifkatu, mai koyarwa a wata makarantar 'yan mata, haifaffiyar Kafanchan, da Kawu Dogara, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi furfura a kan ganga, daga majami'a zuwa gidan biki, sai Meri, wadda saboda ita muka ɗaura aniyar tafiyar. Kawu yana rataye da gangarsa, ni da akwatina, Meri kuma da jaka guda da wata babbar ƙwarya da ta rungume kamar jaririya.

Bari in gaya muku ko wace ce Meri. Daga Ingila ta zo tare da masu wasannin da suka halarci babban bikin baƙar fata da aka yi a Ikko a farkon shekarar. Da aka watse kowa ya kama gabansa, ita sai ta hau jirgin ƙasa ta yo Arewa. Ubanta Bature ne, injiniyan jirgin ƙasa da ya yi aiki a Kafanchan. Uwarta 'yar ƙasar nan ce, sunanta Ladi. Meri tana da shekara biyar uban ya tafi da ita ƙasarsu, har ya mutu kuma bai ƙara mata komai a kan wannan suna ba. Ba hoto, ba sunan ƙauye, ba sunan dangi.

Sana'arta rawa ce, amma ba irin tamu ba. Takan tsara waƙa, wani ya karanta da baki, ita kuma ta faɗi sauran da jikinta. Ta zo makarantarmu ta nuna wa yara, aka ce in yi mata tafinta, daga nan na tsinci kaina ina juya mata waƙoƙinta zuwa Hausa. Da hutu ya zo ta roƙe ni in raka ta Kafanchan. Dabararta ita ce ta yi wasan a bainar jama'a, ko Allah zai sa wani ya tuna da Ladi da 'yarta.

Ranar da Kawu ya fara ganin wasan a tsakar gidana bai ɓoye ra'ayinsa ba. Meri ta shafa farar ƙasa a rabin fuskarta, gawayi a ɗaya rabin, ta tsaya cik ba takalmi har na ɗauka ta manta abin da za ta yi. Can sai ta fara lanƙwasawa a hankali. Kawu ya dube ni ya ce, "Rifkatu, wannan rawa ce ko murɗar ciki?" Na ce ya kaɗa gangarsa kawai, ba a tambaye shi ba.

Ni abin da ya dame ni daban ne. A ƙarshen wasan Meri takan ɗauki ƙwaryar ta ɗora a bakin kafaɗarta, wuya a miƙe, gwiwar hannu a sama, kamar boyin otal ɗauke da faranti. Ta ce mini ba ta tuna fuskar uwarta ko kaɗan. Abin da ta riƙe shi ne bayan wata mace tana tafiya zuwa famfo da ƙwarya a kafaɗa, ita kuma tana biye da tata 'yar ƙarama. Na yi mata dariya. Na ce, "Meri, makarantar rawarku ce ta rikita ki. Ni 'yar Kafanchan ce, a ka muke ɗaukar kaya. In kika yi wannan a gaban matan garinmu sai kin ba mu kunya." Har gammo na naɗa mata da wani tsohon ɗankwalina.

A tasha direban fijo yana ganinta ya buɗe ƙofar gaba da rawar jiki. "Madam, bismilla, nan ne wurinki." Meri ta girgiza kai, ta nuna Kawu, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Baba gaba. Ni baya." Direba ya ce, "Ikon Allah, Baturiya a bayan mota." Kawu kuwa bai jira a sake faɗa ba, ya shige ya miƙe ƙafa. Naira ɗaya da sule biyar aka karɓa a hannun kowannenmu zuwa Kachia, ganga kuma sule biyu, domin direban ya ce ta fi wani fasinjan cin wuri.

Kachia

Ruwan farko ya riga ya sauka, daji ya fara kore, ko'ina manoma suna ta huɗa. Bayan mun wuce Kujama muka tarar da shingen sojoji. Wani kofur ya leƙo, bai kula kowa ba sai Meri. Ya ce, "Madam, fasfo." Ta miƙa masa, ta ƙara da cewa, "Ni 'yar Kafanchan." Kofur ya bushe da dariya, ya kira abokinsa ya zo ya ji. Ya ce, "To madalla, ni ma ɗan Landan ne." Motar duka aka yi dariya, har da ni. Meri ma ta yi murmushi, amma daga nan har Kachia fuskarta tana wajen taga.

Mun isa Kachia da hantsi, ƙamshin busasshiyar citta ya tare mu tun daga bakin kasuwa. A gidan wani fasto abokin Kawu muka sauka. Matarsa ta kawo faten acca mai zafi, ta ajiye mana namu a tabarma, sannan ta ɗauko kujera da cokali da farantin tangaran na baƙi ta jera wa Meri ita kaɗai a gefe. Karramawa ce ta yi tsakaninta da Allah. Meri ta dubi kujerar, ta dube mu a tabarma, ta ce mini da Turanci a hankali, "Anti, a Ingila sukan ware mini wuri don na yi baƙi. A nan ana ware mini don na yi fari. Duk dai ni kaɗai nake cin abinci." Na jawo ta tabarma, na ce wa matar fasto ta bar ta, 'yar gida ce.

Da la'asar muka yi wasan farko a filin majami'a. Jama'a sun taru sosai, domin an ji Baturiya za ta yi rawa. Kawu ya fara kiɗa a hankali, Meri ta shiga fili, ni kuma na karanta:

*A ƙetaren teku sun ce mini, ke baƙa, koma gidanku.*
*Na zo gida, yara suna bi na, Baturiya, Baturiya.*
*In na wanke rabin fuskata, ɗaya rabin ya yi kuka.*
*Wa zai karɓi fuskar nan duka?*

Na ga wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sai aka zo ƙarshe, Meri ta bi shawarata, ta ɗora gammo, ta ɗora ƙwarya a ka. Taku uku ta yi ƙwaryar ta sulluɓe ta yi ta gangarawa har gaban yara. Ai kuwa sai shewa. Duk abin da waƙar ta gina ya rushe nan take. Bayan an watse mun tambayi tsofaffi, babu wanda ya san wata Ladi da ta haihu da Bature.

Meri ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai miƙo mini gammon ta ce, "Anti, na gode. A Kafanchan zan yi yadda na tuna." Na karɓa na cusa a akwati, ina cewa a raina, to, jiki magayi.

Kafanchan

Washegari muka shiga wata ƙaramar bas da ta bi ta Zonkwa. Hanyar ba ta da daɗi, amma mangwaro ya yi arha a ko'ina, kwabo biyar a cika maka ƙwarya. Kawu ya sha har gemunsa ya koma ruwan ɗorawa. Da duwatsun Kagoro suka bayyana daga nesa na taɓa Meri na ce, "Ga gida nan." Ta riƙe hannuna ba ta sake ba har muka shiga gari wajen azahar.

A gidan yayata Saratu muka sauka. Ko hutawa Meri ba ta yarda mun yi ba, sai da muka zaga kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Tsofaffin gidajen Turawan suna nan da rufin kwano da bishiyoyin dalbejiya, amma mutanen ciki duk sababbi ne. Waɗanda suka yi zamani da ubanta wasu sun mutu, wasu yaƙin basasa ya watsa su ba su dawo ba. Ta tsaya a gaban wani tsohon famfo da ya daina zubo da ruwa, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ba ta sani ba ko shi ne.

Ran Alhamis da yamma muka yi wasan a wani fili kusa da tashar jirgi, inda mata suke sayar da abinci. Gabana yana ta faɗuwa, domin a nan kowa ya san ni, har da matan zumuntar majami'a da muke waƙa tare tun ina budurwa. Na karanta baitin fuska, na zo kan baitin ƙarshe:

*Ladi, ban riƙe fuskarki ba.*
*Bayanki na riƙe, da ƙwarya a kafaɗa,*
*da hanyar famfo, da ni a baya ina bi.*

Meri ta ɗora ƙwaryar a kafaɗa ta fara zagaya filin. Abin da na guda shi ya faru. Matan suka kwashe da dariya, wata ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, Baturiya ta zama Bagwariya!" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ga wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta ta kutso cikin mutane. Mama Kande ake kiranta, mijinta tsohon mai gadin kwatas ne. Ba dariya take yi ba. Ta tsaya gaban Meri ta ƙare mata kallo, ta buga ƙirji ta ce, da irin Hausarta mai mayar da mace namiji, "Kai! Ladi Bagwari! Shi ne yana zuwa famfo da ƙwarya a kafaɗa, ƙaramin yarinya fari yana bin shi a baya. Mu muna ta yi mishi dariya. Wannan ɗan Ladi ne, na rantse da Littafi!"

Ku ji fa. Ni da nake sayen itace a hannun matan Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwarawa, kowace safiya a Kaduna, ina ganinsu da kaya a kafaɗa, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. An ce mini Kafanchan, sai na yanke cewa uwar tamu ce. Ashe yarinyar gaskiya jikinta ya riƙe.

Ƙosan Mama Kande ya ƙone ƙurmus, ba ta ko waiwaya ba. Ta zaunar da mu a bencinta ta ba mu labari, ina juya wa Meri. Ladi ba 'yar Kafanchan ba ce. Ta biyo wani wanta ne mai sayar da tukwane, ta samu aikin wanki a gidan Baturen. Ranar da aka tafi da yarinyar, Ladi ta bi jirgin da gudu har ƙarshen dandamali. Bayan mako guda ta tattara kayanta, ba a sake ganinta ba. Mama Kande ta tuna sunan ƙauyensu, domin wan yakan ambace shi in yana tallar tukwane. Yana can ƙasar Kagarko. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, saboda dalilin da za ku gani.

Meri ta tambaya, "Tana da rai?" Mama Kande ta ce, "Wannan sai Allah, 'yata. Ka je ka gani."

Kwoi zuwa Kagarko

Babu motar da ke zuwa Kagarko kai tsaye. Ran Jumma'a muka samu akori-kura zuwa Kwoi, daga can muka hau bayan wata gwangwaro mai ɗauke da buhunan irin citta. Wannan karon direban bai ma sha wahalar tayi ba, Meri ta riga kowa hawa baya. Bayan Kubacha ruwa ya kece, motar ta kafe a taɓo, maza suka sauka turi. Kawu ya ce shi ba zai tura ba, hannunsa na ganga ne, amma zai taimaka. Ya zauna a kan buhu ya lulluɓe da tabarma yana kaɗa musu, su kuma suna turawa suna zaginsa cikin raha. Motar dai ta fita.

A Kagarko muka kwana a ɗakin baƙi na wata makarantar firamare, muka ci doya da manja a wurin wata mata a bakin kasuwa. Meri ba ta ci na kirki ba. Kawu ya tura mata kwanon ya ce, "Ci, 'yata. Mai neman uwa da yunwa, in ya same ta kuka zai yi mata ba gaisuwa ba." Na juya mata, ta yi dariya ta ƙara loma biyu. Na lura tun daga Kafanchan ya daina ce mata Madam.

Ƙauyen

Da safe muka kama hanya a ƙafa, tafiyar da ta kai mu har rana ta take. Mun yi ta gamuwa da mata suna dawowa daga daji, kowacce da kaya a kafaɗa, wasu itace, wasu ɗorawa. Meri takan tsaya ta bi su da kallo har su ɓace. Wani mai bishara, Malam Bawa, shi ya karɓe mu a ƙauyen. Na tambaye shi dalilin wannan ɗauka tasu. Ya ce, "Malama, a wurinmu kai sarkin jiki ne, shi ke tunani. Ba a ɗora wa sarki kaya."

Da na faɗa masa wadda muke nema sai fuskarsa ta canza. Ya ce Ladi tana nan da ranta, mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya maza biyu magidanta. Amma shi abin da ya sani, 'yar da ta haifa a Kafanchan ta mutu tun tuni. Duk da haka ya raka mu.

Mun same ta a tsakar gida tana ɓarar ɗorawa, 'ya'yanta suna gyaran fartanya a gindin rumbu. Ba sai an gaya mini ba. Goshin nan ɗaya ne, wushiryar ma ɗaya. Ta ɗago ta dubi Meri, hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba da aiki. Malam Bawa ya yi bayani da yarensu. Ita kuwa da Hausa ta amsa, don mu ji da kyau. Ta ce, "Ni ba ni da ɗa Bature. Yarinyana ya mutu a Kafanchan, ƙyanda ya kashe shi. Kowa ya sani." Ta tashi ta ɗebo ruwa ta miƙa wa Meri kafin kowa, har kafin Kawu da furfurarsa. Ba ta sake kallonmu ba har muka fita.

A hanya Malam Bawa ya ce mu yi mata uzuri. Da ta dawo daga Kafanchan ita kaɗai, cewa ta yi 'yar ta mutu, ba ta kuma taɓa faɗin ko wane ne uban ba. An yi mata ta'aziyya, ta yi aure, ta tsufa a kan wannan magana. In ta sake ta yau, ta zama maƙaryaciya a gaban 'ya'yanta da surukanta da ikilisiya.

Na juya wa Meri duka. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce mu koma mu sa Ladi ta faɗi gaskiya ko tana so ko ba ta so. Meri ta ce a'a. Ta share idonta ta ce, "Na gan ta. Ta ba ni ruwa. Mu tafi gida." Kawu ne ya hana. Ya ce yara sun riga sun baza labari an zo da ganga, kuma shi tun da yake bai taɓa shiga gari da ganga ya fita bai kaɗa ba. Meri ta ce, "To, za mu yi. Amma Anti, baitin ƙarshe kada ki karanta. Kada sunanta ya fito daga bakinki. Ban zo in tona mata asiri ba."

Da rana ta yi sanyi aka taru a gindin wata babbar ɗorawa. Na duba ko'ina ban ga Ladi ba. Meri ta shafa farar ƙasa da gawayi, Kawu ya fara, na karanta baitin fuska, Malam Bawa yana juyawa ga waɗanda ba su jin Hausa. Da aka zo baitin ƙarshe na rufe bakina. Kawu ya sassauta kiɗan har ya koma kamar bugun zuciya. Meri ta ɗora ƙwaryarta a bakin kafaɗa, wuya a miƙe, gwiwar hannu a sama, yadda ta saba. Sai ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta rage takunta ya zama na ƙaramar yarinya, tana ɗaga ido tana kallon bayan wata da ba ta nan, tana ɗan gudu don ta cim mata, tana tsayawa, tana sake bi. Matan ƙauyen suka fara ƙus-ƙus suna murmushi, domin ko jikarsu ta goye ta fi haka iya ɗaukar ƙwarya.

A lokacin na hango Ladi a bayan mutane. Daga rafi take, da ruwa a kafaɗa. Ta tsaya tana kallo. Meri ta zagaya sau ɗaya, ta sake zagayawa, ƙwaryar tana tangal-tangal. Sai na ga tsohuwar ta sauke ruwanta, ta ratsa cikin mutane, ta shiga tsakiyar fili. Kawu ya ɗauke hannu daga ganga.

Ladi ta kama ƙwaryar ta matsar da ita ciki, ta zauna tsakanin kafaɗa da ƙeya. Ta dafa kan Meri ta ɗan sunkuyar da shi. Ta buge gwiwar hannun nan ta sauka ƙasa. Sannan ta ce, da muryar faɗan uwa, kowa yana ji:

"Ba haka na koya maka ba, Talatu."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Meri ba ta jin Hausa sosai, amma ba ta waiwayo ta nemi in juya mata ba. Ta tsaya a yadda aka gyara ta, ƙwarya zaune daram, hawaye yana ratsa farar ƙasa da gawayi.

Ladi ta juya wajen 'ya'yanta maza ta yi magana da yarensu, ba tsawo. Malam Bawa ya raɗa mini, "Ta ce ƙarya ta yi. Ta ce yarinyar ba mutuwa ta yi ba, ɗauke ta aka yi, kuma mutuwa ta fi sauƙin faɗa." Can babban ɗan ya tashi, ya je ya ɗauko ruwan da uwarsa ta sauke, ya kawo ya ajiye a gabanta. Ta zaunar da Meri a ƙasa ta wanke mata fuska da hannunta, gefen farin da gefen baƙin, tana yi tana mita wai wane ne ya bar ta ta fita da wannan ƙazanta.

Kawu ya fyace hanci ya ce mini, "Rifkatu, na janye maganata. Rawa ce."

Komawa

Mun yi sujadar Lahadi a ƙauyen, muka kwana, ran Litinin da sassafe ni da Kawu muka yi sallama. Meri ta ce za ta zauna har a gama shuka. Ta rako mu bakin gari tare da uwarta, su biyun a kan hanyarsu ta zuwa rafi. Wasu yara suka biyo mu suna "Baturiya! Baturiya!" Ladi ta tsinko tsumagiya ta kore su, tana cewa yarinya tana da suna. Da muka yi nisa na waiwaya. Suna gangarawa, uwar a gaba, 'yar a baya, kowacce da ƙwarya a kafaɗa.

Daga Kagarko muka samu mota zuwa Jere, daga Jere wata bas ta kawo mu Kaduna da magariba. A wannan karon ba a karɓi kuɗin ganga ba, domin Kawu ya ɗora ta a cinya ya ce jikarsa ce.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Kawu Dogara da gardamarsa, da matar fasto ta Kachia, da yayata Saratu, da Malam Bawa, da Mama Kande wadda ta yi asarar kasko guda na ƙosai ba ta nemi a biya ta ba. Da na buɗe akwatina a gida, abin da na fara cin karo da shi gammon nan ne. Na warware shi na wanke, ya koma ɗankwali.

Washegari da safe mai kawo mini itace ta yi sallama, da kayanta a kafaɗa kamar kullum. Shekara huɗu tana zuwa gidana. Ranar ce na taimaka mata ta sauke, na kuma tambaye ta sunanta.